Takalmi a Ƙofar Kaka Milunka

A duk faɗin garin Pirot babu wanda ya kai Stanimir iya wahalar da kansa a kan abin da ba wanda ya aike shi. Da rana fenti yake sayarwa a wani shago kusa da tashar mota, yana haɗa wa mutane launin da gobe za su dawo su rantse ba shi suka nuna ba. In ya tashi daga aiki, maimakon ya zauna a gidan gahawa ya zagi gwamnati kamar kowane magidanci mai hankali, sai ya miƙe gida ya buɗe kwamfuta ya kama gina gidajen da babu bulo ko ɗaya a jikinsu.

Wasan rubutu yake yi. Ba hoto, ba kiɗa, ba harbe-harbe. Kwamfuta ta rubuto maka cewa kana tsaye a tsakar gida, ga rijiya ga bishiya, kai kuma ka rubuta mata "leƙa rijiya", ta faɗa maka abin da ka gani. Shi ke nan wasan. Duniya ta kai inda ake kallon ƙwallo a tafin hannu, ɗan'uwan namu yana can yana leƙa rijiya da haruffa. Tun yana sakandare ciwon ya kama shi. A kansa gashinsa ya zube, a kansa ya yi aure, har matarsa Radmila ta haƙura ta ɗauki abin kamar ciwon gwiwa: ba ya kisa, ba ya warkewa. Masu buga wasannin nasa kuwa, in aka tara su kaf daga nan har bakin teku, tasi ɗaya za ta kwashe su, a samu wurin kaya.

To ana nan sai rufin gidan Kaka Milunka ya rufta. Gidan can ƙauye ne a gindin dutse, tun rasuwarta ba mai kwana a ciki, dusar ƙanƙara ta yi ta hawa kansa shekara da shekaru har ta danne shi. Dangi kowa ya ce kaico ya ci gaba da harkarsa, ban da Stanimir. Shi cewa ya yi zai sake gina gidan a rubuce, ɗaki-ɗaki, har da ita kakar a ciki tana yawo tana faɗa. Ya bi gwaggonni da kawunnai yana tatsar maganganunta, har suka koma in sun hango shi sai su tsallaka titi. Kyauta zai yi wa mahaifinsa Gavrilo, ɗan fari a wajen marigayiyar, kuma ba banza ba.

Bana ce shekarar miƙa slava, wato bikin waliyin gida. Bikin waliyin gida uba ke riƙe da shi har ranar da ya ga dama ya gutsura rabin burodin bikin ya sa a hannun ɗansa, ya ciro tsohon hoton waliyin daga bango ya haɗa masa, ya ce daga baɗi a gidanka za a taru. A zuriyarmu ɗa ɗaya ake miƙa wa. Gavrilo ya furta da bakinsa cewa Stanimir ne, kuma a wajen tsohon nan furta abu ya fi cire haƙori wuya. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, mutumin da in ka ba shi zuma sai ya tambayi waɗanne ƙudaje ne suka yi ta. Yana da wani ɗan, Radenko, ƙanen Stanimir, mai manna tayil a Vienna, can ƙasar masu jin Jamusanci, wanda in ya zo gida hancin motarsa ke riga shi shigowa gari da yini guda.

Wata Lahadi bayan abincin rana, saura 'yan makonni biki, Stanimir ya zaunar da tsohon a gaban kwamfuta. Idon Gavrilo ya yi rauni, yatsunsa kuma na birkin jirgi ne, don haka Radmila ce ke karantawa tana rubuta abin da ya ce.

"Kana tsaye a bakin ƙofa," ta karanta. "Ƙamshin gasasshen barkono ya cika gidan. Ga jar darduma a shimfiɗe. Milunka ta fito tana goge hannu."

"Ba ja ba ce," in ji Gavrilo. "Ja mai duhu ce. Mai sayar da fenti kuma. Rubuta in cire takalmi."

Radmila ta rubuta. Amsa ta fito: "Milunka ta ɗaga hannu. 'Haba, bar su, bar su, ai ko shara ban yi ba. Shigo.'"

Stanimir ya gyara zama yana murmushi. Wannan wurin da shi yake taƙama. Kowa ya san yadda ƙofa take: baƙo ya sunkuya zai kwance igiyar takalmi, mai gida ya rantse ya hana. Baƙon da bai sunkuya ba jaki ne, mai gidan da bai hana ba shi ma jaki ne. Har doka ya rubuta cewa duk wanda ya faɗo gidan bai sunkuya ba, kaka ta wanke shi tas, ta hana shi slatko, cokalin 'ya'yan itacen nan da ake dafawa da sukari a tari baƙo da shi.

Gavrilo ya yi gyaran murya kawai, ya ce a shiga da shi ciki a zaunar da shi. Radmila ta rubuta. Ta fara karantawa, sai ta tsaya, ta dubi mijinta.

"Karanta mana, 'yata. Ko kuɗin wuta ne ya ƙare?"

Ta karanta a hankali: "Milunka ta dubi ƙafafunka. 'A gidan da aka haife ka ba a koya maka sunkuyawa a ƙofar mutane ba? Ko ƙoƙarin cirewa ba ka yi ba.' Ta mayar da kwalbar slatko cikin kabad ta kulle."



"Radmila," in ji tsohon, "na sunkuya ko ban sunkuya ba?"

"Ka sunkuya, Baba."

"Wa ya hana ni?"

"Ita ce."

"To wa ya sa ƙarya a bakin uwata?" Ya juya kan ɗansa. "Injiniya, da kai nake. Matar nan har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa zagin mutum kan abin da bai yi ba. Kan abin da ya yi kuwa, har jikokinsa sai sun ji. Kai ka tono ta ka mayar da ita maƙaryaciya."

"Baba, ɗan kuskure ne, yanzu zan..."

"Mutumin da ya kasa riƙe gidan iska, shi zan danƙa wa waliyi?" Ya laluba hularsa. "Radenko bai iya komai ba sai cika baki, amma bai taɓa sa uwata ta ce ba ni da tarbiyya ba."

Ya sa takalmansa a bakin ƙofa, a tsanake, don kowa ya ga cewa dama a cire suke, ya fita.

Abin da ya fi ci wa Stanimir rai shi ne wasan nan ya gwada shi har ya haddace. To amma ta ina yake shiga? Akwai wata gajeriyar hanya ta masu gini, kalma ɗaya ka rubuta ka tsinci kanka a kicin. Shi da ya gina gidan da hannunsa bai taɓa shiga ta ƙofa kamar ɗan mutunci ba. Duk wanda ya san shi tun yana yaro ba zai yi mamaki ba, ta taga yake shiga gidan kakar na gaskiya ma.

Kwana da kwanaki yana farautar laifin. Ya karanta dokar zagin daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama: idan mai wasa bai taɓa cire takalmi ba, kaka ta yi faɗa. Daidai take. Ya karanta dokar ƙofa: a maimakon cire takalmi, kaka ta ce a bar su. Ita ma daidai take. Ya zargi kwamfutar, ya zargi wanda ya sayar masa da ita, ya zargi Turawan da suka ƙirƙiro yaren kwamfuta da yake rubuta wasan da shi, su da iyayensu. A shago wata mata ta nemi farin fenti na ɗakin jariri, ya haɗa mata wani kore irin na asibiti, ya kuma tsaya yana mata gardama.

Ana cikin haka Radenko ya bugo waya.

"Yaya, an ce ka ta da Kaka daga kabari ta zagi Baba. Ni fa ban nema ba, amma in dole ce, bangon falona akwai ƙusa. Sabon tayil ne ma, waliyi zai ji daɗi."

"Waliyin ba ya jin Jamusanci."

"Zai koya. Ni ma da na zo ban iya ba."

"Har yanzu ma ba ka iya ba," in ji Stanimir, ya kashe wayar, ya ji kamar ya tauna ta.

Sai ranar Asabar da hantsi ya tuna da abin da ya kamata ya fara da shi. Yaren yana da wani umarni na masu gwaji, in ka kunna shi, duk abin da mai wasa ya yi sai kwamfuta ta rubuta a gefe yadda aikin ya fara da yadda ya ƙare, kamar maƙwabciya mai leƙen taga. Ya kunna. Ya tsaya a bakin ƙofa karon farko a rayuwarsa, ya rubuta "cire takalmi". A gefen allo, da ƙananan haruffa, aka rubuto: cire takalmi, ya fara. Kaka ta ce a bar su. Sai layi na biyu: cire takalmi, bai kammalu ba, an tare shi a dokar ƙofa.

Ya ɗora hannu biyu a kan sanƙonsa. Ya tashi ya tafi kicin, inda Radmila ke naɗe nama da shinkafa a ganyen kabeji, don shi in ya gano abu sai ya sami wanda zai azabtar da bayani.

"Kin san yadda abin yake? Duk aikin da mutum ya rubuta, ba nan take yake faruwa ba. Shingaye yake bi. Na farko ya duba ko akwai abin da za a yi kafin aikin. Na biyu ya duba ko akwai abin da za a yi a maimakonsa. Sannan a duba ko aikin mai yiwuwa ne, sannan a aikata. To yaren yana riƙe da tarihin abin da mutum ya taɓa yi, shi ya sa nake iya tambayarsa ko wane ya taɓa cire takalmi. Amma ba ya shaida aiki sai wanda ya wuce shingayen ya kai ƙarshe. Kaka ta tare Baba a shinge na biyu. A wajen kwamfuta, bai yi komai ba."

Radmila ta ci gaba da naɗi. "Wato in na ɗaga ludayin nan zan kwaɗa maka, wani ya riƙe hannuna, a wajenta ban yi komai ba?"

"Ko kaɗan."

"Ashe mai adalci ce. Matso kusa."

"Ki bar wasa. Mutanen da suka yi yaren nan, a ƙasarsu in an ce maka bar shi, bari ake nufi, magana ta ƙare. Ba su san akwai garin da rabin ladabinsa ƙoƙarin yin abin da za a hana ka ne ba. Ka kai hannu aljihu a hana ka, ka miƙe za ka tafi a hana ka, ka ɗauki kwano za ka wanke a hana ka."

"Wannan na ƙarshen dai ban taɓa samun damar hana ka ba."

Gyaran bai kai shan gahawa ɗaya ba. A shinge na farko, kafin kaka ta buɗe baki, ya kafa alamarsa ta kansa: duk wanda ya nufi cire takalmi, a shaida cewa ya sunkuya. Ya juya dokar zagin ta daina tambayar ko an cire, ta koma tambayar ko an sunkuya. Ya gwada, kaka ta hana shi, ta kuma tarbe shi da fara'a. Ya zagaya falo yana tafiyar wanda ya ci yaƙi.

Dawo da tsohon ne aiki. Sai da Radmila ta aika masa cewa ta yi kabeji ya yi yawa za a zubar. Mutumin Pirot kuwa ya gwammace ya shiga gidan maƙiyinsa da ya ji an zubar da abinci. Ya zo, ya ci, ya ce gishiri bai ji ba, ya ƙara. Sannan ya yarda aka ja kujerarsa gaban kwamfuta, yana ta nanata cewa don 'yar mutane ya zauna.

"Rubuta in cire takalmi."

Kaka ta ce a bar su. Aka shiga, aka zauna. Radmila ta karanta da murya mai daɗi: "Milunka ta fito da tire, ga slatko a ƙaramin faranti mai bakin zinariya, ga ruwan sanyi. 'Sannu da zuwa, sannu da hanya. Yaya mutanen gida?'"

Stanimir ya harɗe hannu yana jiran rabin burodinsa. Amma wuyan tsohon ya fara ja, launin ya hau har kunne, ja mai duhu.

"Faranti mai bakin zinariya," in ji Gavrilo. "Wannan na likita ne da limamin coci. Ni ko taɓa shi na yi sai na sha ludayi. Kuma mutanen gida take tambayata? Wane gida? Ina da wani gidan ne da ban sani ba?"

"Baba, ai tarba ce mai kyau. Ba ta zage ka ba."

"Ina ruwana da tarba mai kyau? Uwata ba ta taɓa ce min in bar takalmi ba. Baƙi ake hanawa. Ni in na tako dardumar nan da takalmi, sai dai a tsinci kunnena a gonar maƙwabta."

"To wancan karon ma ai ta hana ka, ba ka ce komai ba."

"Na zaci ko tsufa ne ya kama ta a can. Wancan karon ta zage ni bisa ƙarya, amma dai ta zage ni, na san uwata ce. Yanzu ka mayar da ni baƙo a gidan da aka yanke min cibiya."

Nan ne haƙurin Stanimir ya tsinke. Bai ɗaga murya ba, don a gidanmu ba a ɗaga wa uba murya, sai dai a yi magana ta cikin haƙora.

"Ta zage ka, ka yi fushi. Ta karrama ka, ka yi fushi. Na bi gwaggonni har sun daina amsa gaisuwata, na ɓata wa jaririn mutane ɗaki, gashin da ya rage min ya bi 'yan'uwansa. Don Allah, Baba, me kake so?"

Tsohon ya dube shi kamar wanda aka tambaya ko ruwa na jiƙa.

"Ina so in cire takalmina a gidan uwata. Abu ne mai wuya?"

Stanimir ya juya ga kwamfutar. A gefen allo ƙananan haruffan nan suna nan, don ya manta bai kashe su ba: cire takalmi, bai kammalu ba. Duk fafutukar da ya sha ta yadda za a shaida wa tsohon ƙoƙari ce, alhali shi ba ƙoƙari yake nema ba. Ya ture kujerar Radmila gefe ya zauna. Ya ƙara wa dokar ƙofa sharaɗi ɗaya: baƙo kaɗai za a tare, ɗan gida a bar shi ya wuce. Ya sa Gavrilo a 'yan gida. Sai ya tsaya, yatsu a sama.

"In ka cire, me take cewa?"

"Ina zan tuna? Shekara nawa."

Suka jira. Gavrilo ya dubi bango, ya sosa haɓa. Can sai wata siririyar murya mai kaifi ta fito daga ƙirjin tsohon direban jirgi, har Radmila ta zabura: "Jera su, ba a kasuwar shanu kake ba. Dubi safarka, babban yatsanka na gaishe da mutane kafin kai. Wuce ka ɗebo min itace, sannan ka zo ka ci."

Stanimir ya rubuta bai canza harafi ba. Aka koma bakin ƙofa. Radmila ta rubuta "cire takalmi". A gefe aka rubuto: cire takalmi, ya kammalu. A ƙasansa kuma kaka ta buɗe wuta, Radmila na karantawa tana danne dariya, tun daga kasuwar shanu har itace.

Gavrilo ya sunkuyar da kai ya dubi safarsa, ya lanƙwashe yatsun ƙafarsa ya tura su ƙarƙashin kujera.

"'Yata," ya ce, "rubuta in mayar da su. Sannan ki rubuta in sake cirewa."

Ta rubuta. Ya sake shan zagin daga farko har ƙarshe, yana gyaɗa kai kamar mai jin huɗuba. Da ya ƙoshi sai ya miƙe ya ce har yanzu dardumar ba ja ba ce, kuma in ba a gyara ba kada a kira shi.

Ranar biki, bayan an kunna kyandir an juya burodin bikin bisa al'ada, Gavrilo ya gutsura rabi ya dunƙula wa Stanimir a hannu kamar mai biyan tara, ya ciro hoton waliyin ya ɗora masa, ya ce ya riƙe da hannu biyu, ba kwamfuta ba ce. Radenko ya ce dama shi bangonsa bai son ƙusa.

Da shekara ta zagayo, aka taru a gidan Stanimir. Yana tsaye a ƙofa cikin farar riga yana ta hana baƙi cire takalmi, har muryarsa ta dushe. Sai ga Gavrilo ya hawo bene yana haki, ya tsaya a bakin ƙofa, ya dafa bango, ya fara sunkuyawa a hankali, ido ɗaya na kan ɗansa.

Stanimir ya shiga tsaka mai wuya. Yau shi ne mai gida, mai gidan da bai hana ba kuwa an san sunansa. In kuma ya hana, ya mayar da ubansa baƙo a gaban dangi. Ya dubi Radmila, ta ɗauke kai ta shige kicin. Tsohon ya kai hannu ga igiya. Stanimir ya tura masa silifas da ƙafa.

"Jera su, Baba," ya ce. "Ba a kasuwar shanu kake ba."

Gavrilo ya cire na dama, ya cire na hagu, ya jera su daidai da bango. Ya ɗago da ƙyar yana riƙe da ƙugu, ya juya ga mutanen da ke bayansa a kan bene.

"Kun gani ko? Tsoho da ciwon baya, ɗansa na tsaye yana kallo ya sunkuya. Wannan na ba wa waliyi." Ya zura ƙafa a silifas, ya ture Stanimir da kafaɗa, ya wuce kai tsaye kicin ya buɗe tukunya ba tare da ya tambayi kowa ba.